Zanen da Kawu Ya Yi Mini a Ƙafa

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya koma, ranar wata Talata bayan la'asar. Ya sauke maigidansa a ƙofar gida a Al Wukair, kusa da birnin Doha, ya gyara wa motar tsayuwa a inuwa, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari. Ko da ajali ya zo, bai bar motar mutane a kan hanya ba.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ɗakinmu na unguwar Bin Omran. Ɗakin mutum shida ne, amma takalman masu ta'aziyya sun cika matakala har hawa na ƙasa. Direbobi suka zo, masu gadi suka zo, wasu da kayan aiki a jikinsu don daga nan diyuti za su wuce. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ya tuɓe hularsa ya nuna mana furfurarsa, ya ce, "To, yanzu wa zai taɓa wannan kan? Tun da na zo ƙasar nan ban zauna a gaban wani mai aski ba." Aka yi dariya kaɗan, dariyar ta koma sharar hawaye.

Anti ta zo kai tsaye daga asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos, Kirista, kuma da wuya ka sami ɗan Arewan da ya taɓa kwanciya a Doha bai san hannunta ba. Ba ta shiga ɗakin maza ba, muka ba ta kujerar roba a baranda. Ta ce, "Na yi aiki da likitoci iri-iri, ban ga mai ido irin na Baban nan ba. Kowa ya duba, ban da kansa."

A rana ta biyu sai ga maigidan nasa, tsohon Baturen Ingila, malamin tarihi da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Ya hau matakalar nan da sanda, ya tuɓe takalma, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa, ya zauna a ƙasa gwiwoyinsa suna ƙara. Da Hausar da Kawu ya koya masa a cikin mota ya ce, "Allah ya jiƙan abokina." Daga nan ya rufe fuska da tafin hannu.

Kowa Kawu yake ce masa, amma ni kaɗai na gaji sunan. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya nemo mini aikin gadi, shi ya tarbe ni a filin jirgi. Ina rubuta wannan ne don akwai maganar da na riƙe masa shekara huɗu ban faɗa ba, kuma ba na so ta bi shi ƙasa ba wanda ya ji.

Mu gidan wanzamai ne ta wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Kazaure. Kawu ya tashi da zabira a kafaɗa: aski, ƙaho, cire beli, kaciya, da sanin saiwoyin da ake jiƙa wa mai jego. Da ya zo Doha tuƙi, sai ya bar ƙaho a gida, ya taho da aska kawai. Yakan ce nan ba ƙasar da za ka tsaga fatar mutum ba ce ba tare da takarda ba. Duk Juma'a da hantsi yana zuwa Bin Omran, ya zauna a kan matakala, mu jeru. Ba ya karɓar komai sai shayi, shi ma ba sukari. Yana aski yana leƙa farin idonka, yana shinshina numfashinka, yana matsa bayan wuyanka. Ka zo aski ka tashi da umarni: kai rage gishiri, kai je a auna jininka, kai kuma kira matarka, ciwonka ba na jiki ba ne.

Shekarun da ya yi yana tuƙa Baturen nan sun mai da shi wani irin malami. Cunkoson hanya ne ajinsu. Baturen ya ƙware a kan kakanninsa na can da, waɗanda ake kira Angulo-Sakson, mutanen da suka zauna Ingila fiye da shekara dubu da ta wuce. Kawu bai taɓa wahalar da harshensa da wannan suna ba, "tsofaffin maigida" yake ce musu. Ranar Juma'a sai ya kwaso mana abin da ya ji a mako.

"Kun san Turawan nan da suke mana kallon masu camfi? Tsofaffinsu in ciwo ya soki mutum ko doki ba dalili, cewa suke wasu ƙananan aljanu ne suka harbe shi da kibiya. Na ce wa maigida, wannan ai harbin daji ne, muna da shi a garken Fulani. Suna haɗa ganye tara, su yi waƙa a kan maganin, su yi a kunnen mara lafiya, su yi a bakin ciwon. Na ce tofi ke nan. Da addini ya zo musu ma ba su zubar ba, sai suka haɗa da addu'a. Na ce maigida, ashe 'yan garinmu ne ku, sanyi ne ya koɗar da ku."

Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne rubutunsu. Haruffa ne masu tsaye-tsaye, ba lanƙwasa, don da wuƙa ake sassaƙa su a itace ko dutse ko zobe, kuma kowane harafi da sunansa: wannan ƙaya, wannan kyauta, wannan tafiya. Da ya ji harafin farko sunansa dukiya, kuma dukiyar a wurinsu shanu ce, mako guda ya yi yana dariya. Ya koyi zana guda biyar ko shida, yana yi a bayan rasit in yana jiran maigida. Shi da ko boko bai yi ba.

Ni kuwa mai gadi ne a wani dogon ginin ofisoshi a unguwar Mushairib. Awa goma sha biyu a tsaye, cikin baƙin takalmi mai ƙarfe a baki. Wata rana na tarar takalmin ya ci mini ɗan yatsan ƙafar hagu. Ba zafi, don haka na share. Mako biyu, wurin ya ƙi rufewa, ya fara ruwa, na kusa da shi ya fara canja launi. Na daɗe ina fama da ƙishirwa da yawan fitsari, kuma na san mahaifiyata tana da ciwon suga, amma na ƙi haɗa biyu da biyu. A ɗakinmu kowa ya yarda da abu ɗaya: ranar da kamfani ya ji kana da ciwon da zai hana ka tsayuwa, ranar za a yankar maka tikitin gida. Ina da mata da 'ya'ya huɗu da tsohuwa, duk a kan ƙafar nan suke tsaye. Sai na riƙa naɗe ta da tsumma ina ɗora safa biyu.

Ranar Juma'a na zauna aski. Kawu ya jiƙa mini kai, ya ɗaga aska, sai ya tsaya. Ya ce wa sauran su ba mu wuri.

"Cire safar nan."

"Ba komai, Kawu, takalmi ne ya ɗan..."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙuda uku na kora daga kanta tun da ka zauna. Cire."

Na cire. Ya ɗauki tsinken ashana ya soka mini a tafin ƙafa, ya ce na ji? Na ce ban ji ba. Ya soka a wani wurin, nan ma ban ji ba. Ya goge askarsa ya mayar cikin kube, kaina rabi da kumfa.

"Tashi mu je asibiti."

Nan na tubure. Na ce ba inda za ni. Na ce shi ɗan gidan magani ne, ya haɗa mini abin da kakanninmu suke haɗawa, in kuwa ba zai yi ba, na ji labarin wani mutum a unguwar masana'antu mai sayar da garin magani, gobe zan neme shi. Na ga maganar ta dake shi. Ya san halina, ya san taurin kan gidanmu ne, don shi ma da shi aka haife shi. Ya ce bari ya kira maigida ya gaya masa zai makara, ya sauka ƙasa da waya. Ya kai minti goma.

Da ya dawo fuskarsa ta saki. Ya ce, "To, khalas, shi ke nan. Akwai magani, amma ba namu ba ne, na tsofaffin maigida ne. Albasa, tafarnuwa, maɗaciyar bijimi. Su suna zuba giya, mu mun yafe musu wannan. A tukunyar tagulla ake haɗawa, sai ya kwana tara. Kafin nan ba ka sa wa ciwon komai, ba ka nuna wa kowa, ni kaɗai zan riƙa wankewa."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Magani ga shi na gargajiya, ga shi kuma na Turawa, me ya fi wannan? Ya wanke ciwon da ruwan gishiri. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya kama ƙafata ya ɗora a cinyarsa, ya bi gefen inda fatar ta yi ja ta kumbura, ya zana layi a hankali har ya kewaye ta. A gefen layin ya zana ɗaya daga haruffan nan, sanda tsaye da ɗan tsini a cikinta.

"Wannan shi ne ƙaya," in ji shi. "Kada ruwa ya taɓa zanen nan. In za ka yi alwala, ka shafa a kan bandeji. Ka goge shi, ka ɓata aikin."

Na kwana ina lallaɓa zanen nan kamar ƙwai. A zuciyata an ɗaure ciwon ke nan, an yi masa shinge, ba shi da hanyar fita.

Da safe, kafin lokacin diyutina, sai ga shi da motar maigida. Ya kwance bandejin. Jan ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu, ya nufi idon sawu. Na ga ya kalli wurin, ya kalli agogo.

"Yalla, maza shiga mota. Saura maɗaciya, sai a mayanka, kuma sai mai ciwon yana tsaye za a cire. Zauna a baya ka miƙe ƙafar."

Na shiga baya kamar wani mai kuɗi. Sai da muka yi nisa na lura wannan ba hanyar mayanka ba ce. Na yi magana, ya ce gajeriyar hanya ce. Da na hango ginin asibiti na kama marfin ƙofa, ashe ya sa makullin nan da ake sa wa yara. A bakin ƙofar gaggawa Anti ce tsaye da keken marasa lafiya. Ita ya kira jiya, ba maigida ba. Ta ce ya kawo ni nan take, ya ce in ya matsa zan gudu wurin mai garin magani. Shi ne ta koya masa abin da suke yi a asibiti: a kewaye jan da biro, in ya tsallake layi, ciwon yana hawa ne, ba sauran jira. Zanen da na ɗauka tsari ne, ma'aunin 'yan jinya ne.

Likita ya ce suga ce, kuma dafin ya kama hanya. Ya ce da na ƙara kwana biyu ko uku, da maganar gwiwa muke yi. Suka cire yatsu biyu.

Ya kamata a ce na gode masa a nan. Ban gode ba. Da na farfaɗo na gan shi zaune a gefen gado da kwanon abinci, na ce, "Ka ci amanata, Kawu. Ka yaudare ni, ka kawo ni an yanka ni a ƙasar mutane. In aka kore ni, kai za ka ci da 'ya'yana?"

Ya ce, "Na ci amanar. Kai kuma ci abincinka."

Kullum sai ya zo da faten acca da Anti ta ce shi ya dace da ni, kullum sai na juya fuska bango. Yakan zauna ya gama lazimi, ya ajiye kwanon, ya tafi. Kamfanin da nake tsoro bai kore ni ba, ɗakin kallon kyamarori aka mai da ni, aikin zama. Duk da haka wata biyar na yi ba na gaishe shi. Ranar Juma'a in na ji muryarsa a matakala sai in shige banɗaki. Sumata ta taru har abokan ɗaki suka fara kirana Buzu. Ba fushi ba ne kuma a lokacin, kunya ce ta sa rigar fushi.

Abin da ya karya ni, a layin wankin ciwo na same shi. Wani direba ɗan Sudan ya zauna kusa da ni, wandonsa na dama an naɗe shi an maƙale da fil a gwiwa, ba ƙafa daga nan. Ya tambayi nawa ciwon, na nuna masa. Ya ce nasa ma daga yatsa ya fara. Ya ce, "Mako ɗaya kawai na ce bari in ƙara gani. Kai wa ya kawo ka da wuri?" Da tambayar nan a raina na koma ɗaki.

Juma'ar da ta biyo, da yamma, na hau mota har Al Wukair. Na tarar da Kawu yana wanke mota a ƙofar gida. Na yi sallama, na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Ya kalli kaina, ya kalli ƙafata, ya miƙo mini tiyo.

"Riƙe nan. In mun gama a sauke wannan dajin da ke kanka."

Muna cikin haka Baturen ya fito. Kawu ya ba shi labarin duka, da Turancinsa na direbobi, har da makullin yara. Da aka zo kan albasa da maɗaciya, tsohon ya yi dariya har sai da ya dafa mota. Ya ce maganin gaskiya ne yana cikin tsofaffin littattafansu, amma na hazbiya ne, a ido ake sa shi, ba wanda ya taɓa sa shi a ƙafa.

"Ai ban ce zan sa ba," in ji Kawu. "Cewa na yi sai ya kwana tara."

Na tambaye shi harafin fa, me ya kawo shi? Ya ce, "Da layi kawai na zana, da ka wanke shi kafin magariba. Na san ka. Abin da ka gane ba ka girmama shi." Sai ya juya ga maigidansa ya ce tsofaffin nan nasa sun san aiki. Mai magani in ya ce maka ganye tara, waƙa sau tara, kwana tara, so yake ka daɗe a gabansa ya ƙare maka kallo. Baturen ya ce bai taɓa ganin haka a littafi ba. Kawu ya ce littafi bai taɓa riƙe kan mara lafiya ba. Suka ci gaba da musunsu, ni ina riƙe da tiyo.

Haka muka shirya, ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ce na gode. Na ɗauka riƙe tiyo ya wadatar.

Akwai abin da yake ci mini rai, gara in faɗe shi. Wanzami ba ya son jarfa. A watanninsa na ƙarshe na ga yana tsayawa a tsakiyar matakala yana dafe ƙirji, gumi na keto masa. Na ce ya je Anti ta duba shi, ya ce kumburin ciki ne, wake ya ci. Na faɗa sau biyu, ya harare ni, na yi shiru don shi babba ne. Shi da ya ga tawa ƙafar bai tsaya ladabi ba, ƙarya ya yi mini, ya kulle ni a mota, ya yarda in ƙi shi wata biyar. Ni ban iya yarda ya ƙi ni ko na yini ɗaya ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai hana ni jin abin ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya karɓi ƙaryar nan tasa a cikin ayyukansa na alheri. Ya saka wa Anti, Ya ba tsohon abokinsa haƙuri.

Ranar Laraba bayan azahar muka kai shi makabartar bayan gari. Tun da ciwon nan ya warke ba wanda ya ga ƙafata, ko abokan ɗakina. A banɗaki nake alwala, da safa nake shiga masallaci, da safa nake kwana. Da aka ajiye makara a bakin kabari, mai kula da wurin ya tambaya da Larabci wane ne ɗan'uwansa, ya sauka ya karɓe shi. Aka juyo ana kallona.

Na tuɓe takalma. Na tsaya kaɗan, sannan na tuɓe safar ma, a gaban direbobi da masu gadi da kowa. Ƙasar tana da zafi, kuma na ji zafin, ni da a da ake soka mini tsinke ban sani ba. Na sauka da yatsuna takwas. Aka miƙo mini shi ta wajen kai, nauyinsa ya sauka a kaina, ƙafar hagu ta dafe ƙasa ta riƙe mu mu biyu. Na kwantar da shi a gefensa na dama, na gyara masa likkafani, na sunkuya daidai kunnensa yadda ba wanda zai ji.

Na ce, "Kawu, ga ƙafarka nan. Na gode."

Sannan na taka da ita na fito.